Da Ƙafa Zuwa Machu Picchu, Da Garin Kwaki A Jaka

Ranar da na gaya wa mahaifiyata a waya cewa hutun ƙarshen shekara zan je ƙasar Peru in ga wani tsohon gari da ke kan dutse, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Mutum nawa ne a garin?" Na ce, "Umma, ba kowa. An fi shekara 400 da tashi." Ta ce, "Wato kufai ke nan. Kuɗin da kullum kake kukan ba sa isar ka abinci, su za ka kwasa ka tafi kallon kufai?" Ban da amsar da zan ba ta. Daga ƙarshe dai ta ce Allah Ya kiyaye hanya, in kuma riƙa kira.

Ni Bakano ne, ɗan aji biyu, ina karatun injiniyan gine-gine a Rio Branco, babban birnin jihar Acre da ke can yammacin Brazil, cikin dajin Amazon. Daga nan zuwa iyakar Peru bai kai kilomita 400 ba. Ba don wannan kusancin ba, da ko mafarkin tafiyar ban yi ba. Wata takwas na yi ina tara kuɗi: na daina hawa bas zuwa makaranta, nama kuwa sai ranar Juma'a. Muka tafi mu biyu da wani abokin karatuna ɗan Brazil. Shi katin ɗan ƙasa kawai ya nuna ya tsallaka iyaka, ni mai koren fasfo sai da na yi makonni ina haɗa takardun biza, ga katin rigakafin shawara a hannu.

Garin da muka nufa sunansa Machu Picchu, ana furta shi kamar "Macu Pikcu". Mutanen daular Inka ne suka gina shi wajejen shekarar 1450, zamanin sarkinsu Pachacuti. Don mai karatu ya kwatanta, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya hau mulki a 1463. Wato kusan lokaci guda ake aza duwatsun can da kuma tubalan Gidan Rumfa, ba wanda ya san da wani.

Hanya uku, aljihu ɗaya

Babu titin mota da ya kai garin Aguas Calientes, wanda ke gindin dutsen. Masu hali jirgin ƙasa suke hawa, suna kallon tsaunuka ta tagar gilashi, kuma tikitin baƙo ya haura dala 50 zuwa kawai. Akwai jirgi mai araha, amma na 'yan ƙasa ne, sai da katin shaida. Hanya ta biyu ita ce tsohuwar turbar Inka, tafiyar kwana huɗu a ƙafa. Ita na so bi, sai na tarar ba a barin mutum ya bi ta shi kaɗai. Dole sai ta hannun kamfani mai lasisi, mutum 500 kacal ake bari a rana har da 'yan dako da jagorori, kuɗinta kuma ɗaruruwan daloli. Abin dariya, tafiyar ƙafar ta fi jirgin tsada.

Ta uku ita ce ta irinmu, ta bayan gida. A hau ƙaramar bas daga birnin Kusko a zagaya bayan tsaunuka na awa shida ko bakwai, a sauka a wata tashar wutar lantarki da ake kira Hidroeléctrica, daga nan a bi gefen layin dogo a ƙafa har Aguas Calientes. Muka zaɓi watan Janairu, tsakiyar daminarsu, saboda lokacin ne masauki yake araha. Daga baya muka gane dalilin arahar.

Amma kafin nan sai an isa Kusko. Mun tsallaka gadar kogin Acre zuwa Iñapari, muka wuce Puerto Maldonado, inda zafi da zufa suke kamar watan Afrilu a gida. Muka shiga bas ta dare. Cikin awa goma ta ɗauke mu daga ƙasan daji ta haura da mu sama da mita 4,000, sannan ta sauke mu a Kusko da asuba, a tsayin mita 3,400. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, bai kai mita 2,500 ba. Ka ga ke nan kasuwar Kusko ma ta fi ƙololuwarsa da kusan mita 1,000.

Ina saukowa daga bas na ɗauki jakata na yi taku kamar ashirin, sai na ji kamar an ɗaure min ƙirji da igiya. Kaina ya riƙa sarawa. Wannan shi suke kira soroche, ciwon da ƙarancin iskar oksijin ke jawo wa baƙo, kuma ba ruwansa da ƙarfinka ko ƙuruciyarka. Ni da nake buga ƙwallo minti casa'in, sai ga wata tsohuwa da goyon kaya ta wuce ni a hawan tudu ko haki ba ta yi. Mai masaukinmu ta kawo min shayin ganyen koka, wanda kowa yake sha a can kuma doka ta yarda da shi. Na yi ta jinjina abin, don daga ganyen nan ne ake sarrafa hodar iblis, ko da yake ganyen a karan kansa wani abu ne daban. Ban sha ba. Na sha ruwa da yawa na kwanta wuni guda. Shawarata ga duk wanda zai je: kada ya tsara komai a kwana biyun farko, kuma kada ya kuskura ya tsallaka iyaka da ganyen a jakarsa.

Kwana biyun da muka yi muna jan ƙafa a Kusko ba su tafi a banza ba. Birnin shi ne fadar daular, wadda su suke kira Tawantinsuyu, wato sassa huɗu a haɗe. Har yau gidaje da coci-coci na zamanin Turawan Sifaniya suna zaune a kan harsashin Inka. A wani lungu mai suna Hatun Rumiyoc akwai wani dutse mai kusurwa 12 a cikin bango, kowace kusurwa ta kama maƙwabciyarta ba siminti ba laka, ko reza ba za ta shiga tsakani ba. A girgizar ƙasar 1950 cocin Santo Domingo ya yi mummunar lalacewa, amma bangon Inka da aka ɗora shi a kai ya tsaya. Dabarar ita ce bangon yana ɗan jingina ciki, ƙofofi da tagogi ƙasansu ya fi samansu faɗi, duwatsun kuma suna iya motsawa kaɗan su koma mazauninsu. Masu wannan aiki ba su da baƙin ƙarfe, ba su da doki, ba su da amalanke.

Abinci kuwa, kasuwar San Pedro ce ta rufa mana asiri. Da 'yan sulallan sol, kuɗin ƙasar, za a ba ka miya mai zafi da shinkafa. Sai dai Musulmi ya buɗe ido ya yi tambaya, don alade yana da yawa. Ni ƙwai da kifi da burodi da fiya na tsaya wa. A nan na ga dankali kala-kala, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, wani kamar citta, wani an busar da shi da sanyin dare har ya koma kamar tsakuwa, ana ajiye shi shekaru. Peru tana da dubban irinsa. Abin da muke kira dankalin Turawa ashe ba na Turawa ba ne, daga tsaunukan Andes suka ɗauke shi bayan sun ci ƙasar.

Layin dogo cikin duhu

Tikitin shiga Machu Picchu muka fara saya tun kafin mu bar Brazil, domin akwai adadin da aka ƙayyade a rana. A lokacin baƙo yana biyan sol 152, ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 25 mai katin jami'a yana biyan 77. Tikitin yana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka da rana da awa. Namu ƙarfe shida na safe ne. In ka rasa lokacinka ka rasa kuɗinka, ni kuma ban da na sayen wani.

Basarmu ta tashi da sassafe, ta bi ta Ollantaytambo, ta haura mashigar Abra Málaga mai tsayin sama da mita 4,300, inda sanyi ya sa na saka duk rigunan da na zo da su. Daga nan sai gangara, har muka fara ganin ayaba da itacen kofi. Bayan Santa María hanyar ta ƙuntace, dutse a dama, rami a hagu, kogin Urubamba yana ruri can ƙasa. Matar da ke gefena ta rufe ido tana addu'arta, ni ma ina tawa.

Sai bas ta tsaya. Ƙasa ta zaftare daga sama ta rufe hanya. Direban ya kashe mota, ya kwantar da kujerarsa, ya ɗora hula a fuska. Na tambaye shi da Sifaniyancina mai gauraye da harshen Fotugal yaushe za mu wuce. Ya ce in katafila ta zo. Na ce yaushe za ta zo? Ya ɗaga kafaɗa.

Awa uku muka yi a wurin. A nan na kwance ƙullin da ya zama abin labari a tafiyar. Mutanen Brazil suna da wani garin rogo da suke kira farinha, wanda ba shi da maraba da garin kwakinmu. Na zo da kilo guda, da sukari da soyayyar gyaɗa. Na jiƙa a roba na fara sha. Abokina, wanda a wajensu barbaɗa shi ake yi a kan wake, ya yi ta kallona. Wasu Turawa biyu suka ɗanɗana suka yi godiyar da ba ta kai zuci ba. Direban kuwa da ya farka ya shanye ragowar tas.

Ƙarfe biyar saura muka isa Hidroeléctrica, maimakon biyu. Tafiyar kilomita goma ce da 'yan kai, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa sosai. Da rana an ce daɗi gare ta. Mu rabinta a duhu muka yi, cikin yayyafi, da fitilar waya ɗaya don ta biyun caji ya ƙare. Tsakuwar layin dogo tana cin tafin ƙafa, ga ƙananan gadoji inda ruwa ke gudu a ƙarƙashin katakon layin. Kafin duhu ya sauka ƙyashi ya gama da ƙwaurina, don na yi gangancin naɗe wando. Sau ɗaya muka ji jiniya muka manne a gefe, jirgi ya wuce a hankali, fitilu a kunne, mutane a ciki suna cin abinci da cokali mai yatsu. Ba zan ce ban ji komai a raina ba.

Wajen takwas na dare muka shiga Aguas Calientes, gari ne da ba shi da sana'a sai baƙi, komai kuɗinsa ninki. Muka samu gado a ɗakin mutum takwas. Safata ba ta bushe ba har asuba.

Matattakala

Daga garin akwai bas da ke hawa da mutane har ƙofa, dala 12 zuwa kawai. Mu ƙarfe huɗu muka tashi. Na yi alwala da ruwan da ya kusa tsinka min yatsu, muka taka zuwa gadar da ake duba tikiti da fasfo, wadda ake buɗewa ƙarfe biyar. Can gefe na yi sallar asuba a kan rigar ruwata, muka shiga layi.

Hawan kusan mita 400 ne a tsaye, matattakalar dutse fiye da dubu, ba ɗaya da ta yi daidai da 'yar uwarta. Wanda ya taɓa hawa Dala ya ninka abin a ransa sau da yawa, ya ƙara da duhu da santsi. Minti goma na farko ana hira da dariya cikin harsuna biyar. Bayan nan ba ka jin komai sai numfashi. Hanyar tana ratsa titin bas sau da yawa, kowane karo sai ka tsaya bas ta wuce ka da mutanenta busassu. Na zauna sau huɗu. A na uku na yi lissafin cewa dala 12 kuɗin abincina ne na kwana uku, na tashi. Shida da minti goma muka isa ƙofa, aka buga mana tikiti.

Muka haura zuwa wurin da ake ɗaukar hoton nan da kowa ya sani, na garin a shimfiɗe da dutsen Huayna Picchu a bayansa. Ba mu ga komai ba. Fari fat, kamar an rataya zanin gado. Gajimare ya sauko ya zauna a kan garin, ko mutumin da ke taku goma a gabanka ba ka gani sosai. Wata takwas na tari, kwana biyar a hanya. Abokina ya zauna a kan dutse ya yi wata magana da harshensu wadda ba zan fassara ba. Sannan aka kece da ruwa.

Mutane suka ruga neman mafaka. Ni na tsaya cikin rigar leda, ba don jarumta ba, don ba wurin zuwa. Da na sunkuyar da kai saboda ruwan, sai na lura da wani abu: inda nake tsaye babu taɓo. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, a kan gangaren dutse, amma ba ya kwanciya, ba ya kuma kwararowa da ƙasa. Na bi shi da ido. Yana shiga wata 'yar magudana ta dutse a gefen matattakala, ya ɓace cikin wani rami mai kusurwa huɗu a gindin bango, ya fito a hawa na ƙasa, ya sake shiga wata. Na durƙusa na sa hannu. Magudanar da aka sassaƙa tun zamanin Rumfa tana aikinta a gabana.

A aji an taɓa ambata mana wani injiniyan ruwa Ba'amurke, Kenneth Wright, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wurin. Shi ya ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na aikin ginin yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Na rubuta a jarrabawa na samu maki, amma sai ranar na fahimta. Gonakin nan masu hawa-hawa da suka kewaye garin ba don noma kaɗai aka yi su ba. Kowane hawa an cika shi bi da bi: manyan duwatsu a ƙasa, sai tsakuwa, sai yashi, sai ƙasar noma a sama. Ruwa yana tsiyaya ta ciki ya sauka a hankali, ba ya taruwa a bayan bango balle ya ture shi. Duwatsun cikon ma ɓarɓashin da ya rage ne daga sassaƙa, ba su zubar ba. Wurin yana samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, fiye da ninkin na Kano. Ruwan sha kuma daban suka yi masa hanya: daga wani marmaro suka janyo shi ta magudana mai tsawon mita 749, ya bi ta wuraren ɗiba 16 a jere, na farko a ƙofar gidan sarki. A wannan kam ba su bambanta da kowa ba.

Na tuna lungunmu a watan Agusta, yadda ake tashi da dare ana kwalfe ruwa daga ɗaki da bokiti, kwata ta toshe da leda, kwalbatin da aka yi bara ya riga ya karye. Mu muna da siminti da rodi da kwamfuta.

Ba na son in mayar da Inka waliyyai. Hanyoyinsu da suka kai kilomita 30,000, waɗanda yau suka ratsa ƙasashe shida, da wannan gari da masana suka ce gidan hutun sarki ne, duk da aikin mit'a aka yi su, wato harajin da talaka ke biya da ƙarfinsa. Wani jagora da na saurara daga nesa, tunda ban da kuɗin ɗaukar nawa, ya kwatanta shi da taimakon juna irin na gayya. Ban yarda ba. Gayya kana iya cewa yau ba ka da lafiya. Har yanzu kuma masu magana da harshen Kecuwa, jikokin waɗanda suka ɗauki duwatsun, su ne 'yan dakon da ke goya tantuna da tukunyar gas na baƙi a turbar Inka, har sai da aka kafa doka ta iyakance kayan ɗan dako zuwa kilo 20.

Haka batun "gano" garin. Littattafai suna cewa Hiram Bingham na Jami'ar Yale ne ya gano shi ranar 24 ga Yulin 1911. Gaskiya shi ya sanar da duniya. Amma wani manomi, Melchor Arteaga, shi ya hau da shi, kuma ya tarar da iyalai suna noma a gonakin, wani yaronsu ne ma ya zagaya da shi. Duk wanda aka koya wa a firamare cewa Mungo Park ne ya gano kogin Neja ya san irin wannan ganowa. Kayan tarihin da aka kwashe zuwa Yale sai bayan shekara 100 aka fara mayar wa Peru.

Wajen ƙarfe tara ruwan ya tsagaita. Muna can tsakiyar gari kusa da ɗakin bautar rana mai zagayayyen bango, sai iska ta taso daga kwarin, gajimaren ya yage. Huayna Picchu ya fito, kore shar, ga gidajen a jere ba rufi, ga lama, wata dabba 'yar uwar raƙumi marar tozo, suna kiwo a filin tsakiya, kogin kuma can ƙasa ya naɗe dutsen ta ɓangare uku. Ba a barin a koma baya, hanyar zagayen gaba kawai take yi, don haka hoton nan na kowa da kowa ban same shi ba. Abin bai fi minti goma sha biyar ba ya sake rufewa.

Muna saukowa abokina ya tambaye ni ko muna da irin wannan a ƙasarmu. Na ce akwai Sukur a kan tsaunukan Mandara a Adamawa, mai gonaki hawa-hawa da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a Najeriya. Ya ce yaya wurin yake? Na ce ban taɓa zuwa ba. Bai ce komai ba, ni ma na ci gaba da ƙirga matattakala.

Saukowar ta fi cin gwiwa. Muka ɗauki jakunkunanmu a masauki muka sake kama layin dogo, wannan karon da rana, don mu cim ma bas ɗin ƙarfe uku. A hanya na ga bishiyoyin fiya da ayaba da muka wuce jiya a duhu ba mu sani ba. Garin kwakin ya ƙare a kan wata gada.

Sai da muka koma Kusko da tsakar dare na samu intanet, na tura wa Umma hotuna 40 ta WhatsApp. Da na farka na tarar da saƙon murya. Ta ce ta gode wa Allah da na sauko lafiya, ta ce dabbar nan mai dogon wuya kyakkyawa ce, ana cin ta? Sannan ta ce ta ƙirga, fiye da rabin hotunan na magudanar ruwa ne. "Duk wannan tafiyar, kwata ka je ɗauka?"

Na duba aljihuna kafin in ba ta amsa. Ban da tikitin komawa, sol 11 suka rage min, ga tafiyar kwana biyu kafin Rio Branco.